Fashin Baƙi: Shin Kowace Cuta Hukuncin Zunubi Ce?

In cuta ta daɗe a jikin mutum, ko masifa ta yi ta bin gidansa a jere, shin alama ce ta wani zunubi da ya ɓoye? Wannan tambaya ba ta taɓa barin bakin Kirista ba. Takan lafa na ɗan lokaci, sai wata annoba ta zo ta tashe ta, kamar yadda aka gani a shekarar 2020 da korona ta ɓulla, wa'azi ya yi ta yawo a wayoyi cewa fushin Allah ne ya sauko. Amma inda ta fi ciwo shi ne ƙofar ɗakin majinyaci, sa'ad da masu dubiya suka fito suka rage murya. "Wa ya san abin da ya aikata?" "Mun yi addu'a har mun gaji, bangaskiyarta ce ba ta kai ba." "Ai wannan la'anar gado ce."

Masu faɗin haka galibi ba mugaye ba ne. Abubuwa uku ne suka cakuɗe musu: zunubi, da warkarwa, da haƙƙin ɗan'uwa mai wahala. In ba a warware su ba, mai jinya ne yake biyan farashin ruɗanin.

Me ake nufi da zunubi?

Da yawa cikinmu in an ce zunubi, abin da ke faɗo mana a rai shi ne laifuffukan da ke jawo abin kunya: zina, sata, maye. Littafi Mai Tsarki ya fi haka zurfi. A koyarwarsa, zunubi ɓaraka ce tsakanin mutum da Allah, wadda daga nan take tsaga tsakanin mutum da ɗan'uwansa. A Farawa sura 3 Adamu ya ɓuya wa Allah, ya ɗora laifi kan matarsa; ana shiga sura ta 4 Kayinu ya kashe Habila. Yakubu 4:17 ya ƙara da cewa wanda ya san abin kirki ya ƙi yi, wannan ma zunubi ne a gare shi. Ashe girman kai, da rowa, da tsegumi, da kau da kai daga mabukaci duk suna cikin lissafi, ko da yake da wuya a ji an hori wani a kansu.

Abu na biyu, babu wanda ya tsira. Romawa 3:23 ta ce kowa ya yi zunubi, ya kasa kai wa ga ɗaukakar Allah. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430, ya yi doguwar muhawara a kan wannan batu da Felajiyas, wani malami da ya koyar cewa mutum na iya guje wa zunubi da ikon zaɓinsa. Agustin ya tsaya a kan cewa ɗan Adam ba zai iya gyara kansa da ƙoƙarin kansa ba, sai alherin Allah ya riga shi, kuma yakan kira Almasihu likitan rai. Wannan koyarwa tana da muhimmanci a maganarmu, domin in kowa mai zunubi ne, to lafiyayyen da ke tsaye a kan majinyaci ba shi da hujjar cewa lafiyarsa shaidar tsarkinsa ce. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Daga ina tunanin hukunci ya samo tushe?

Ba daga iska aka ɗauko shi ba. Maimaitawar Shari'a sura 28 ta jera albarku ga masu biyayya da la'anoni ga masu tawaye, har da cututtuka a ciki. Fitowa 20:5 ta ambaci alhakin iyaye yana bin 'ya'ya har tsara ta uku da ta huɗu. Maryamu 'yar'uwar Musa ta kamu da kuturta bayan ta yi magana gāba da shi, Gehazi baran Elisha ma haka saboda kwaɗayi da ƙarya. Mai karanta waɗannan wurare kaɗai zai iya cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, ya rufe littafi.

Sai dai akwai wani dalili da ba ma son ambata, wato tsoro. In muka yarda cewa mutumin kirki ma kan kwanta ciwon daji, ko ya binne ɗansa, to mun yarda ke nan cewa mu ma abin zai iya zuwa kanmu. Ya fi mana daɗi mu nemo wa majinyaci laifi, don mu kwantar da hankalinmu cewa mu mun kauce.

Amsar da Yesu ya bayar

An taɓa yi wa Yesu wannan tambaya kai tsaye. A Yahaya sura 9, almajiransa sun ga wani da aka haifa makaho, suka ce, wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa? Zaɓi biyu suka ba shi, ya ƙi duka biyun. Ya ce ba shi ba ne, ba iyayensa ba ne, sai dai domin a bayyana ayyukan Allah a kansa. Daga nan ya cuɗa ƙasa, ya shafa masa a ido, ya aike shi tafkin Siluwam. Abin lura, almajiran sun ga batun muhawara a zaune a bakin hanya, Yesu kuwa ya ga mutum mai bukatar ido. A ƙarshen surar, shugabannin addini sun ce wa mutumin nan a cikin zunubi aka haife shi ɗungum, suka kore shi. Da Yesu ya ji an kore shi, shi ya tashi ya nemo shi.

A Luka 13 kuma an kawo masa labarin Galilawan da Bilatus ya kashe suna cikin miƙa hadaya. Shi da kansa ya ƙara da labarin mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa. Ya tambaya ko suna tsammani waɗannan sun fi sauran mutane zunubi ne, ya amsa da kansa cewa a'a, sannan ya juya gargaɗin kan masu sauraro: in ba ku tuba ba, ku ma za ku hallaka. Wato masifar wani dalili ce ta in binciki zuciyata, ba a ba ni izinin binciken tasa ba.

Tun kafin wannan, littafin Ayuba ya riga ya yi wa batun kaca-kaca, kuma a ganina duk mai zuwa dubiya ya kamata ya san shi. Abokan Ayuba uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun fara da kyau. Sun zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai, dare da rana, ba wanda ya ce uffan, don sun ga zafin da yake ciki. Ɓarna ta fara ne da suka buɗe baki. Elifaz ya soma da tambaya mai kama da hikima: ka taɓa ganin marar laifi ya hallaka? Da Ayuba ya ƙi amsa laifin da bai yi ba, sai murya ta yi ta hawa. Kafin a kai sura ta 22, Elifaz ya shiga ƙirƙiro masa zunubai: wai ya hana mai ƙishi ruwa, ya hana mayunwaci abinci, ya sallami gwauraye hannu wofi. Bai ga ko ɗaya da idonsa ba. Lissafinsa ne ya ce dole akwai laifi, shi kuwa ya ƙago. A sura ta 42 Allah ya ce fushinsa ya yi ƙuna a kan Elifaz da abokansa biyu, domin ba su faɗi gaskiya game da shi ba. Mutanen da suka zo kare mutuncin Allah, su ne suka ƙare da bukatar Ayuba ya yi musu addu'a.

Game da la'anar gado kuwa, Ezekiyel sura 18 ta hana Isra'ilawa karin maganarsu da ke cewa iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami, haƙoran 'ya'ya suka mutu. Aya ta 20 ta ce ɗa ba zai ɗauki alhakin mahaifinsa ba. Gaskiya ne ɓarnar iyaye takan shafi 'ya'ya: yaron da ya tashi a gidan duka da zagi yakan girma da tabo. Amma tabo daban, alhaki daban. Wannan yaro jinya yake bukata.

Amma ai zunubi yana taɓa jiki

Kada a zarce da maganar. Akwai wuraren da Sabon Alkawari ya haɗa su biyun. Mutumin da ya yi shekara 38 yana fama da ciwo, wanda Yesu ya tarar kwance a bakin tafkin Betasda, bayan ya warke Yesu ya gargaɗe shi kada ya ƙara yin zunubi, don kada abin da ya fi wannan muni ya same shi. Bulus ya gaya wa Korantiyawa cewa wasunsu suna rashin lafiya saboda yadda suke wulakanta Jibin Ubangiji. Yana da kyau a duba laifin da yake nufi a 1 Korantiyawa 11: masu hali suna ci su ƙoshi, har wasu su bugu, suna barin marasa shi da yunwa da kunya. Rashin kula da ɗan'uwa ne laifin.

Kowa kuma ya san giya kan cinye hanta, ƙiyayya kan hana barci. Dawuda ya faɗi a Zabura 32 cewa sa'ad da ya yi shiru bai hurta laifinsa ba, ƙasusuwansa suka lalace saboda nishi dukan yini. To, zunubi kan iya jawo ciwo. Abin da Littafi Mai Tsarki bai yarda da shi ba shi ne a juya lissafin, a ce duk inda aka ga ciwo akwai zunubi a ƙasansa. Yakubu 5:15 ya yi taka-tsantsan sosai: bayan ya ce a kira dattawan ikkilisiya su yi wa majinyaci addu'a suna shafa masa mai, sai ya ce in ma ya yi zunubi za a gafarta masa. Da sharaɗi ya faɗe shi. Majinyaci yana da damar binciken lamirinsa a gaban Allah, mai dubiya kuwa ba a ba shi wannan aiki ba.

Yaya ruhu ke warkewa?

Warkarwar ruhu ita ce a maido da mutum ga Allah, a sauke masa nauyin laifi da kunya, a kuma maido shi cikin mutane. Tana farawa da faɗin gaskiya. Miki in aka rufe shi ba a wanke ba, sama yakan yi kamar ya kame, ciki yana tara mugunya. Dawuda ya yi watanni yana rufe abin da ya yi wa Batsheba da mijinta Uriya, har annabi Natan ya zo da labarin mai arziki da ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci, ya ce masa kai ne mutumin. Daga wannan karyewar zuciya Zabura 51 ta fito. Wasiƙar Yahaya ta fari 1:9 ta yi alkawari cewa in mun hurta zunubanmu, Allah mai aminci ne mai adalci, zai gafarta mana ya tsarkake mu.

Gafara kyauta ce da aka saya a kan gicciye, ba wanda yake biyanta da azumi ko baiko. Amma tuba ta gaskiya tana da ƙafa, takan taka ta je wurin wanda aka cuta. Da ceto ya shiga gidan Zakka, babban mai karɓar haraji, abin da ya fara fitowa daga bakinsa lissafin kuɗi ne: rabin dukiyarsa ga matalauta, wanda ya zalunta kuwa zai mayar masa ninki huɗu. Mai kuka a gaban ikkilisiya alhali haƙƙin maraya na aljihunsa bai gama warkewa ba tukuna.

Akwai kuma mataki na ƙarshe da ake yawan mantawa. Bitrus ya yi musun sanin Yesu sau uku. Tun kafin ya faɗi, Yesu ya gaya masa cewa in ya juyo, ya ƙarfafa 'yan'uwansa. Bayan tashi daga matattu ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, kowace amsa kuma ya bi ta da aiki: ka yi kiwon tumakina. Wanda aka yi wa jinya, shi ake ba jinyar wasu, domin ya san yadda ciwon yake.

Inda ikkilisiyoyi suka bambanta

Katolika da Otodoks suna ɗaukar hurta zunubi a gaban firist da shafe majinyaci da mai a matsayin sakramenti, wato ibada mai tsarki da ake samun alherin Allah ta wurinta. A ɓangaren Katolika, Majalisar Lateran ta huɗu a 1215 ta wajabta wa kowane mai bi ya hurta zunubinsa aƙalla sau ɗaya a shekara. Furotesta sun fi jaddada cewa matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane, wato Yesu Almasihu, don haka mai zunubi na iya zuwa kai tsaye, ko da yake Yakubu 5:16 na nan yana cewa mu hurta wa juna laifofinmu.

Saɓanin da ya fi shafar majinyaci shi ne na Ishaya 53, inda aka ce ta wurin raunukansa muka warke. Da yawa cikin 'yan Fentikos suna koyar da cewa lafiyar jiki na cikin abin da Almasihu ya saya, kuma suna da madogara, don Matiyu 8:17 ya danganta annabcin da warkar da marasa lafiya. Wasu kuma suna nuna cewa 1 Bitrus 2:24 ya yi amfani da shi a kan zunubi. Na gaskata Allah yana warkarwa har yau, kuma ikkilisiyar da ta daina yi wa marasa lafiya addu'a ta yi asara babba. Inda na rabu da wasu shi ne sa'ad da aka mai da warkarwa dole, har aka ce wanda bai warke ba shi ne da laifi. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a kawar masa da ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherina ya ishe ka. Shi ne ya bar Tarofimas a Militas ba lafiya. Abokin aikinsa Afafaroditas ya kusa mutuwa. Timoti yana fama da ciki da yawan laulayi, Bulus kuwa shawarar abin da zai sha ya ba shi, bai tuhumi bangaskiyarsa ba. Elisha, wanda ta wurinsa Na'aman ya warke, ciwo ne ya yi ajalinsa.

Abin da ruɗanin ke jawo wa mai bi

Na farko, mutane na ɓoye cuta. Wanda ya san za a kalle shi a matsayin mazinaci ba zai yi marmarin gwajin ƙanjamau ba, ko da ta hanyar ƙarin jini ko daga wurin haihuwa ya samu. An yi ƙarnuka ana kallon kuturta a matsayin tambarin la'ana, sai a 1873 likita Hansen a ƙasar Nowe ya gano ƙwayar cutar da ke kawo ta, yau kuma ana warkar da ita da haɗin magunguna. A yi tunanin yawan waɗanda suka mutu suna zaton Allah ne ya ƙi su.

Na biyu, wasu na zubar da magani don su nuna bangaskiya. Mai hawan jini ko ciwon sukari ko farfaɗiya da ya bar maganinsa don an ce ya riga ya warke, yana wasa da ransa ne, wanda ya ba shi umarnin kuma zai amsa tambaya. Luka, wanda ya rubuta Bishara da Ayyukan Manzanni, likita ne, Bulus ya kira shi ƙaunataccen likita. A 1527 da annoba ta shiga Witenbag a Jamus, Martin Luta, jagoran Furotesta, ya ƙi gudu, ya tsaya yana hidimar marasa lafiya, amma ya shawarci mutane su sha magani, su tsabtace gidaje, su guji cuɗanyar da ba dole ba, yana mai cewa ƙin yin haka gwada Allah ne.

Na uku, ciwon damuwa. Mai bi da ya wayi gari ba ya jin daɗin komai, har yana tunanin mutuwa, sau da yawa abin da yake ji shi ne ya ƙara addu'a, ko akwai aljani a jikinsa. Iliya ya taɓa zama a gindin itace yana roƙon Allah ya ɗauki ransa. A 1 Sarakuna 19, abin da aka fara yi masa shi ne aka bar shi ya yi barci, aka ba shi abinci da ruwa har sau biyu, sannan aka yi magana. Irin wannan mutum yana bukatar addu'a, yana bukatar wanda zai zauna da shi, yana kuma bukatar ganin likita.

Na huɗu shi ya fi damuna. Ana matsa wa wanda aka zalunta ya yafe nan take, a rufe magana don kare sunan ikkilisiya. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe, ko matar da ake duka, ita ake kira a yi wa wa'azin gafara, mai laifi yana zaune a kujerarsa. Yafewa ba ta soke shari'a, ba ta kuma tilasta wa mutum komawa inda za a sake cutarsa. An gafarta wa Dawuda, amma Natan ya gaya masa sakamakon aikinsa zai biyo baya. Yesu da kansa ya ce wanda ya sa ɗaya daga cikin ƙananan nan tuntuɓe, gara a rataya masa dutsen niƙa a wuya a jefa shi teku.

Aikin da aka ba mu

A Markus sura 2, mutum huɗu sun ɗauko wani shanyayye zuwa gidan da Yesu yake a Kafarnahum. Da cunkoso ya hana su shiga, suka hau soro suka buɗe rufin, suka zura shi. Markus ya ce Yesu ya ga bangaskiyarsu, ta masu ɗaukar. Ya fara da gafarta wa mutumin zunubansa, sannan ya ce ya tashi ya ɗauki shimfiɗarsa. Gafara da warkarwa duk daga hannun Yesu suka fito. Rabon mutum huɗun nan shi ne ɗauka, kuma ba a rubuta cewa sun tsaya tambayarsa abin da ya jawo masa ba.

Ikkilisiya ta dā ta fahimci wannan. A annobar da ta mamaye daular Rum wajen shekara ta 250, Siferiyan bishop na Kartaj ya gargaɗi masu bi su yi jinyar kowa, har da waɗanda suke tsananta musu. Diyonisiyas na Iskandariya ya ba da labarin 'yan'uwa da suka kamu suka mutu a wurin jinyar wasu. Wajen shekara ta 370 bishop Basil ya gina babban wurin kula da matalauta da marasa lafiya, har da kutare, a gefen Kaisariya ta Kafadokiya, cikin Turkiyya ta yau. Fada Damiyan ɗan Beljiyam ya je tsibirin Molokai a 1873 ya zauna da kutaren da aka killace, cutar ta kama shi, ya rasu a can a 1889.

Haka ma wanda ya faɗi cikin zunubi a fili. Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da shi da tawali'u, mai komowar yana lura da kansa kada shi ma a jarabce shi. Matiyu 18 ya ce a fara da magana tsakanin mutum biyu, kafin a kira shaidu, kafin a kai gaban jama'a. Mu kuwa sau da yawa daga ƙarshe muke farawa, kowa ya ji kafin mai laifin ya ji. Horon ikkilisiya yana da wurinsa, amma Bulus ya gaya wa Korantiyawa game da wani da suka hora cewa ya isa haka, su yafe masa su ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi.

Sai dai a tuna, jinya mai tsawo tana gajiyar da mai yin ta. Matar da ta shekara tana juya mijinta a gado, ko ɗan da ke kula da mahaifiyar da ta daina gane shi, su ma suna bukatar a karɓe su su huta, kuma wannan ba ya yiwuwa sai an tsara. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni cewa ana mantawa da wasu gwauraye a rabon yau da kullum, manzanni ba su ce a ƙara haƙuri ba. Sun sa jama'a ta zaɓi mutum 7 masu kyakkyawar shaida, aka ɗora musu hannu, aka danƙa musu aikin da sunayensu.